Dare Mahutar Bawa: In Gajiyayye Ya Yi Kuskure, Alhakin Yana Wuyan Wa?

Magabatanmu sun ce dare mahutar bawa. A cikin wannan 'yar gajeriyar magana akwai hukunci mai nauyi, wato ko mutumin da ba shi da iko da yininsa, wanda wani ke ce masa tashi, wani ke ce masa zauna, idan rana ta faɗi yakan sami abu guda da ba mai ƙwace masa. Amma a zamaninmu dare ya daina zama mahutar mutane da yawa. A daidai lokacin da muke rufe ƙofa muna addu'ar kwanciya da yara, ungozoma tana ɗaura ɗamara a ɗakin haihuwa, mai gadi yana gyara tocilarsa, ma'aikacin gidan burodi yana kwaɓa fulawa, direban tirela kuma yana ɗaukar hanyar Legas. Cikinsu akwai mazanmu da matanmu da 'ya'yanmu, akwai kuma waɗanda muke zama da su benci ɗaya ranar Lahadi muna ganin suna gyangyaɗi.

Ba mai musun cewa wannan aiki wajibi ne. Naƙuda ba ta duba agogo, gobara ba ta jiran gari ya waye, shi ya sa ma Bahaushe ya raɗa wa masu kashe ta suna 'yan kwana-kwana. Tambayar da ke gabanmu daban ce. Idan ma'aikaciyar jinya da ta yi dare uku ba ta runtsa ba ta ba majinyaci maganin wani, ko direban da ya kwana yana tuƙi ya saki hanya da fasinja goma sha takwas, laifi aka yi ko tsautsayi ne ya faru? In kuwa laifi ne, na wa? Mun saba rufe irin wannan magana da cewa barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Haka ne. Sai dai ko a shari'ar unguwa, in ɓarawo ya shiga gida, akan tambayi wanda ya bar ƙofa a buɗe.

Agogon da ke cikin jiki

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san halin abin da ake magana a kai. Masana sun tabbatar da cewa a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta, kimanin 20,000, wanda ke aiki kamar agogo. Hasken da ke shiga ido shi ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira melatonin, zafin jiki ya ragu, gaɓoɓi su shiga shirin hutu. Idan gari ya waye, al'amarin ya juya. Wannan sani ya kai matsayin da a shekarar 2017 aka ba wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke tafiya a cikin ƙwayoyin halitta.

Ban da agogon, akwai abu na biyu. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne nauyin da muke ji a ido. Barci kaɗai ke kwashe shi. Goro da kofi da shayi suna toshe wurin da sinadarin ke sauka, har mutum ya ji kamar ya wartsake, alhali kuwa sinadarin yana nan yana ƙaruwa. Kamar mai bashi ne da ya kulle ƙofa don kada ya ga mai binsa. Bashin yana nan, kuma ranar biya tana zuwa.

Waɗannan abubuwa biyu sukan haɗu a kan mai aikin dare tsakanin ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 5 na asuba, lokacin da agogon jiki ke ƙasa ƙwarai, nauyin barci kuma ya taru. In ya koma gida da safe, sai ya tarar da matsala ta biyu. Yana so ya yi barci, amma agogonsa yana ce masa rana ta fito. Ga zafi, ga ƙarar injin niƙa da janareta, ga yara, ga masu sallama. Saboda haka barcin rana yakan gaza na dare tsawo da daɗi. Mai aikin karɓa-karɓa kuwa, wanda wannan mako yana aikin safe, mako mai zuwa yana na dare, jikinsa ba ya samun zarafin sabawa da ko ɗaya.

Gajiya da maye

A shekarar 1997 wasu masana biyu a ƙasar Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutane ta hanya biyu. Wani lokaci suka hana su barci, wani lokaci kuma suka ba su barasa, sa'an nan suka auna yadda idonsu da hannunsu ke aiki tare. Abin da suka samu ya girgiza mutane. Wanda ya yi sa'o'i 17 a farke, aikinsa ya lalace daidai da na wanda barasar da ke cikin jininsa ta kai kashi 0.05 cikin 100, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi in an kai ta. Wanda ya yi sa'o'i 24 kuwa ya yi daidai da mai ninki biyu na wannan.

Mu tsaya a nan kaɗan. Babu uwar da za ta sa ɗanta a motar da direbanta ke warin burkutu. Za ta sauke shi ko da ta riga ta biya kuɗin mota. Amma wannan uwa za ta shiga motar direban da ya iso daga Onica da asuba yana kuma lodin komawa, har ta yaba masa da cewa namijin duniya ne, ba ya gajiya. A ma'aunin masana, mutanen nan biyu hatsarinsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya muna ƙyamar halinsa, ɗaya kuwa muna yi masa kirari.

Akwai kuma wani ɗan barci na sata, na 'yan daƙiƙoƙi, wanda ke ɗauke gajiyayye wani lokaci idonsa a buɗe, bai ma san an yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya ɓace na daƙiƙa 4, motar ta yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo ba mai riƙe da ita.

Binciken da ya fi shafar maganarmu shi ne wanda aka buga a shekarar 2003 daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. An taƙaita wa wasu mutane barci zuwa sa'o'i 6 kowane dare har kwana 14. Kullum aikinsu yana ƙara lalacewa, har daga ƙarshe ya kusanci na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu cur bai runtsa ba. Amma da aka riƙa tambayarsu yadda suke ji, sai suka nuna cewa bayan 'yan kwanakin farko barcin bai ƙara damunsu sosai ba. Sun ɗauka sun saba. Ashe gajiya takan fara lalata ma'aunin da mutum zai auna gajiyarsa da shi. Don haka in gajiyayye ya ce maka lafiyarsa ƙalau, ba lalle ƙarya yake yi ba. Shaidarsa ce kawai ba abin dogara ba ce, kamar yadda ba a tambayar mashayi ko ya bugu.

Shari'ar wani direba a Ingila

Da sanyin safiyar 28 ga Fabrairu, 2001, kusa da wani ƙauye mai suna Great Heck a arewacin Ingila, wani mutum yana tuƙa motarsa ƙirar Land Rover, yana jan wata motar a baya. Sai ya saki babbar hanya, ya gangara, motar ta tsaya a kan layin dogo. Ya fito da ransa, yana cikin kiran jami'an agaji a waya sai ga jirgin fasinja da ya taso daga Newcastle zuwa Landan. Jirgin ya bugi motar, ya sauka daga kan layinsa, ya yi karo da wani jirgin ɗaukar kwal da ke tahowa. Mutum 10 suka mutu, har da direbobin jiragen biyu, fiye da 80 suka ji rauni. Bincike ya nuna cewa mutumin ya kashe yawancin daren yana hira a waya, ya kama hanya kusan ba barci. Ya musanta cewa barci ya ɗauke shi, amma kotu ta same shi da laifin kashe mutane ta hanyar tuƙin ganganci, ta ɗaure shi shekara 5.

Mai karatu zai iya cewa, ina adalci a nan? Mutumin bai yi niyyar kashe kowa ba, bai san ko ɗaya daga cikin mamatan ba. A daƙiƙar da motar ta saki hanya ba ya cikin hayyacinsa, mai barci kuwa ba a kama shi da laifi, tun da barci ƙanin mutuwa ne. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba, domin duk shari'ar kirki tana bambanta ganganci da kuskure.

Amsar ita ce, kotun ba ta hukunta shi saboda barcin ba. Ta hukunta shi saboda abin da ya zaɓa tun yana farke. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya yi bayanin cewa wanda ya yi ɓarna cikin maye ba zai fake da rashin sani ba, gama shi ya jawo wa kansa rashin sanin a lokacin da yake da ikon ƙin sha. Shari'ar Musa ma ta bi wannan hanya a zancen sa mai tunkuyi, a Fitowa sura 21. Idan sa ya kashe mutum ba zato, mai shi ba shi da laifi. Idan kuwa an san san da tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi amma bai tsare shi ba, to jinin yana kansa. San da ya yi kisan ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya raba hukuncin shi ne sanin da mai shi yake da shi tun da farko.

Barci ma sa ne mai tunkuyi, kuma an daɗe da gargaɗinmu. Wanda ya yi hamma sau uku, ya ji idonsa na yaji, ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu, an riga an faɗa masa. Shi ya sa a shekarar 2003 jihar New Jersey ta Amurka ta kafa doka cewa direban da ya yi sa'o'i 24 bai yi barci ba, in ya kashe mutum a hanya, za a ɗauke shi a matsayin mai ganganci. Ashe alhakin gajiyayye yana farawa ne a wurin da ya karɓi makulli, ko ya sa hannu a kan allura, yana sane da halin da yake ciki.

Amma wa ya hana shi barci?

In muka tsaya a nan mun yi rabin adalci, rabin adalci kuwa yakan faɗa kan talaka. Mutumin Great Heck shi ya zaɓi ya kwana yana hira. Yawancin masu aikin dare a ƙasarmu ba su da irin wannan zaɓi. Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota kowace tafiya, in ya kwana a hanya wani za a ba motar. Mai gadi yana aiki dare bakwai a mako, da rana kuma yana acaɓa ko yana gona, domin albashin gadin ba ya kai shi tsakiyar wata. Likita ko nas a asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci ba za ta iya cewa ta gaji ba alhali ga mace tana zubar da jini. Wanda aka ce masa ko dai ya yi tuƙi a gajiye ko 'ya'yansa su kwana da yunwa, zaɓinsa ya ƙuntata ƙwarai, kuma gwargwadon ƙuntatar zaɓin mutum, gwargwadon raguwar laifinsa. Sai dai laifin da ya ragu a kansa ba ya ɓacewa. Yakan koma kan wanda ya ƙuntata zaɓin.

Masu binciken manyan hatsarori sun fahimci haka. A ranar 24 ga Maris, 1989, jim kaɗan bayan tsakar dare, jirgin ruwan dakon mai da ake kira Exxon Valdez ya hau kan duwatsu a gaɓar Alaska, ɗanyen mai kimanin lita miliyan 41 ya malale cikin teku. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta ce jami'in da ke kula da tuƙin jirgin a lokacin yana fama da gajiya da yawan aiki. Amma ba ta tsaya a kansa ba. Ta ɗora wa kamfanin laifin rashin samar da isassun ma'aikata waɗanda suka huta. Haka kuma a shekarar 2004 aka buga wani bincike da aka yi a wani babban asibiti a birnin Boston, wanda ya nuna cewa sababbin likitoci sun yi manyan kurakurai da suka ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100 a lokacin da suke aikin sa'o'i 24 ko fiye a jere, idan aka kwatanta da lokacin da aka rage musu tsawon aikin. Likitocin su ne dai, iliminsu da tausayinsu ba su canza ba. Jadawalin aiki ne aka canza. Wanda ya rubuta jadawali yana da hannu a cikin abin da zai faru da ƙarfe 4 na asuba, ko da shi a lokacin yana kan gadonsa.

Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ɗan bango, irin wanda maginanmu ke kira rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a jira sai an faɗo sa'an nan a ce ai shi ya yi sakaci. Hutun ma'aikaci shi ne wannan rawani. Dokar ranar hutu ma, in an lura, an fi fuskantar da ita ga mai iko, gama ta lissafa bara da baranya da baƙo, har da sa da jaki, a cikin waɗanda dole a bari su huta. Duniya ta daɗe kafin ta kama wannan hanya. A shekarar 1919 ne yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da sa'o'i 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. A ƙasashen Tarayyar Turai, dole direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin sa'o'i 4 da rabi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ita ma ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai. Maigidan da yake da mai gadi ɗaya tilo, ba mai canjinsa shekara da shekaru, ya tambayi kansa ko gidansa yana da rawani.

Cutar da ba ta da ƙara

Hatsarin mota kowa yana ganinsa. Akwai wata ɓarnar da ke tafiya a hankali cikin jikin ma'aikacin kansa. A shekarar 1999 masana a Jami'ar Chicago suka taƙaita wa wasu samari lafiyayyu 11 barci zuwa sa'o'i 4 har dare 6, sai suka ga jikinsu ya soma kasa sarrafa sukari yadda ya kamata. Bincike da yawa bayan wannan sun danganta daɗewa a aikin dare da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ƙiba. A shekarar 2007, da kuma 2019, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar. A shekarar 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Masana barci sun ce baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i 7 a kowace rana.

Wannan ya buɗe wata tambayar. Mutum yana iya cewa jikina ne, in na ga dama in kashe shi da aiki. Amma wanda yake da mata da 'ya'ya jikinsa ba nasa ne shi kaɗai ba. Uban da ya haɗa aiki biyu don biyan kuɗin makaranta abin girmamawa ne, sai dai in hawan jini ya kwantar da shi yana ɗan shekara 50, kuɗin makarantar da na asibiti duk za su faɗa kan matarsa. Garin neman gira akan rasa ido. Tun kafin a kai nan ma, iyali sun riga sun fara biya, domin rashin barci yana rage haƙuri. Gidaje da yawa da ake zuwa sulhu ana neman inda Shaiɗan ya shiga, in an bincika za a tarar maigida ko uwargida sun yi watanni ba su yi cikakken barci ba.

Namu rabon

Saura mu da muke kwana a gadajenmu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ta sha gargaɗin jama'a game da tafiyar dare, amma mu ne muke cika motocin. Mu ne muke yi wa direba tsawa in ya ce zai tsaya ya ɗan runtsa, muna cewa za mu makara ɗaurin aure. Fasinjan da ya hana direba hutawa ya sa hannunsa a kan sitiyari. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan barci na minti 20 a wuri mai aminci yana taimako ƙwarai, buɗe gilashi da ƙure rediyo kuwa ba sa korar barci sai na ɗan lokaci. Ƙwayoyin da wasu ke haɗiya don su kwana a farke sun fi kome muni, gama suna ƙara wa gajiya maye.

A cikin gida, barcin ranar mai aikin dare shi ne darensa, kuma ya cancanci a tsare masa shi kamar yadda ake tsare abincinsa. A sa labule mai kauri, a kau da yara, a ce wa baƙo ya dawo da yamma. A nan mata ne suka fi cutuwa. Namiji in ya dawo daga aikin dare akan ce a yi shiru, Baba yana barci. Mace in ta dawo, sai ta tarar da wanke-wanke da girki suna jiranta, in ta kwanta kuma dangin miji su ce raguwa ce. Mijin da ya ɗauki tsintsiya ko ya shirya yara makaranta don matarsa ta yi barci ya taimaki majinyatan da za ta duba daren gobe, ko da bai san su ba.

Jama'ar masu bi ma suna da abin dubawa. Kwanan addu'a abu ne mai albarka, amma ɗan'uwan da zai tuƙa motar haya da asuba, ko 'yar'uwar da za ta shiga ɗakin tiyata da safe, kada a auna bangaskiyarsu da yawan daren da suka raya. Haka kuma kafin mu zunguri mai gyangyaɗi a cikin sujada, mu san inda ya kwana. A Taruwasa, sa'ad da wa'azi ya kai tsakar dare, wani saurayi mai suna Aftikos ya yi barci a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku. Manzo Bulus ya sauka ya rungume shi, ba mu kuma ga inda ya tsawata masa ba. Annabi Iliya ma, da gajiya ta kai shi ga roƙon mutuwa a jeji, abin da aka fara ba shi shi ne barci da abinci, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana.

Sadaukarwa da girman kai

Wani zai ce, to ina matsayin sadaukar da kai? Ashe ba a yabon uwar da ta kwana a kan ɗanta marar lafiya, ko likitan da ya ƙi tafiya gida ranar da aka kawo mutanen da hatsari ya rutsa da su? Ana yabonsu, kuma sun cancanta. Akwai daren da ƙauna ke hana barci, kuma al'ummar da ba ta da masu irin wannan zuciya ta mutu. Amma abin da ya dace da ranar gaggawa ba ya zama tsarin kowace rana. Asibitin da kullum sai an yi jaruntaka kafin ya tafi daidai, ma'aikata yake bukata. Sa'ad da Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma shi kaɗai, bai yaba masa ba. Ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya kuma ba shi shawara ya raba aikin.

Ragwanci zunubi ne da kowa ya san fuskarsa. Akwai kuma wani abu da ke sa rigar himma, wato tunanin cewa in ban da ni kome zai tsaya, ko kuwa ni ba irin sauran mutane ba ne, barci ba ya kayar da ni. Wannan girman kai ne, kuma shi ya fi kashe mutane a hanya. Zafin nema ba ya kawo samu. Mahaliccinmu ne kaɗai ba ya gyangyaɗi. Mu kuwa an yi mu da iyaka, har kusan sulusin rayuwarmu an keɓe shi ga barci, kuma yarda da wannan iyaka wani ɓangare ne na tawali'u.

Saboda haka alhakin kuskuren gajiyayye a rabe yake, kowa da gwargwadon saninsa da ikonsa. Ma'aikaci yana da nasa, in ya sami zarafin hutu ya ɓatar, ko ya ga alamun barci ya yi taurin kai. Mai ba da aiki yana da kaso mafi girma, in ya tsara aikin da ɗan Adam ba zai iya yinsa lafiya ba. Mu ma muna da namu, in muna cin moriyar masu raya dare ba tare da tambayar yaushe suke barci ba. Kowane gida da ke karanta wannan mujalla ya san aƙalla mutum ɗaya mai aikin dare. A wannan mako a tambaye shi sa'o'i nawa yake samu, sa'an nan a duba abin da za a iya ɗauke masa. Allah ya kiyaye masu tsaronmu da masu jinyarmu da masu tuƙa mu, ya kuma ba su hutu mai daɗi. Amin.